Manhajar taka ce, amma Google ya sa wani a gabanka

Auwal Mai Kod

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu. A ce mutum ɗaya ko biyu sun rubuta ƙaramar manhaja, misali ta lissafin kayan shago da bin bashi, sun buɗe mata shafi. In aka rubuta sunanta a Google, shafukan sauke manhaja ne ke fitowa a sama, nasu yana can ƙasa. In kuma aka nemi aikin da take yi, ko a shafi na biyar ba a ganinsu. Masu sana'ar SEO, wato gyaran shafi don ya hau sama a injin bincike, suna cewa a riƙa biyansu duk wata, su rubuta maƙala 30 su kawo mahaɗai 500, wato wurare a wasu shafuka da in an latsa za su kawo mutum shafinsu. Wannan ce hanyar? Kuma me ya sa yanzu duk abin da ka nema sai ka tarar da rubutu iri ɗaya, dogo, babu abin ɗauka a ciki?

Injiniya Bala

Wa alaikumus salam. Auwal, matsala uku ka zuba a buhu ɗaya. Bari in ɗauki ta farko, wadda ba ta cin ko sisi, amma ita aka fi tsallakewa: shin shafin ma yana cikin rumbun Google?

A buɗe Search Console, kayan aikin Google na masu shafi, a tabbatar da mallakar domen, wato sunan adireshin shafin, ta hanyar ƙara layin TXT ɗaya a DNS, wato saitin domen ɗin. Daga nan a liƙa adireshin shafin farko a akwatin binciken adireshi, a duba HTML ɗin da Googlebot, manhajar Google mai zagayen karanta shafuka, ya gani da idonsa, ba wanda kai kake gani a burauzarka ba. A nan ake kama yawancin ɓarayin. Lokacin gwaji an sa noindex, alamar da ke ce wa Google kada ya sa shafi a rumbunsa, aka manta ba a cire ba. Ko a WordPress akwai wani ɗan akwati a saitin karatu da ke roƙon injinan bincike su kauce, maginin shafin ya latsa shi ya tafi. Ko robots.txt, fayil ɗin da ke gaya wa injinan bincike inda ba za su shiga ba, na ɗauke da Disallow: /, wato a kauce wa shafin gaba ɗaya, tun daga sabar gwaji.

Akwai tarkon da ke kama har ƙwararru. Mutum yana son cire wani shafi daga Google, sai ya sa masa noindex, ya kuma toshe shi a robots.txt don ƙarin tabbaci. To ya ɓata aikin. Tunda ka hana Googlebot shiga, ba zai taɓa karanta noindex ɗin ba, adireshin na iya ci gaba da fitowa tsirara babu bayani. Ɗaya za ka zaɓa.

Mu masu kod muna da namu ciwon na daban. Muna gina shafin talla da React, kayan gina shafi na JavaScript, ko makamancinsa, sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, ta aiko da fanko, sai JavaScript ya cika shi a burauza. Google na iya gudanar da JavaScript, tun 2019 ma da sabon Chromium yake aiki, amma a layi na biyu yake yi, kuma in wani fayil ya ƙi zuwa, fankon zai ajiye. Mahaɗin da ba na a href ba ne, wato maɓallin da sai an latsa yake aiki, ba ya bin sa. Duk abin da ya biyo bayan alamar # a adireshi ba ya ɗaukar sa sabon shafi. Kuma irin wannan gini yakan amsa da lamba 200, mai nufin an samu shafi, ko da shafin babu shi, maimakon 404 mai nufin babu. Shafin bayani, na farashi, na saukewa da na jagora, a fitar da su a HTML tsantsa tun daga saba. A bar React ga cikin manhajar.

Sai adireshi huɗu na shafi ɗaya: da http da https, da www da babu. A zaɓi ɗaya, a tura sauran ukun gare shi da 301, wato turawa ta dindindin, a sa canonical, alamar da ke nuna wanne ne adireshin asali. Taswirar shafi, wato jerin adireshin shafukanku da ake miƙa wa Google, na ɗaukar adireshi har 50,000, naku da wuya ya kai 50, minti goma ya isa. Kalmomin meta keywords da ake ɓoyewa a kod ɗin shafi kuwa kada wanda ya karɓi kuɗinka a kansu, tun 2009 Google ya ce ba ya kallonsu.

Kawu Isa

Injiniya ya gama da ta farko. Ni ta biyun ce ta fi ba ni haushi, wato a nemi sunanka a samu wani. Ɗana Auwal, wannan ciwo ya girme ka a sana'ar.

A 2011 Download.com na CNET ya riƙa naɗe manhajojin mutane a cikin nasa mashigin girkawa, mai cusa wa mutum ƙarin kayan da bai nema ba. Gordon Lyon, marubucin manhajar Nmap, ya fito ya yi ta kururuwa a kai. Masu GIMP, manhajar gyaran hoto, sun bar shafin saukewa na SourceForge a 2013 saboda irin wannan, sai a 2015 SourceForge ya karɓe asusun GIMP na Windows da aka bari, ya ci gaba da rarraba shi haɗe da tallace-tallace. Sai da sababbin masu shi suka zo a 2016 aka daina. PuTTY fa? Shekara da shekaru mutane na shiga putty.org suna zaton gidan Simon Tatham mai manhajar ne, alhali ba nasa ba ne, nasa na wani adireshi daban. A 2024 Don Ho na Notepad++ sai da ya roƙi jama'a su taya shi kai ƙarar wani shafi da ya ari sunan manhajarsa yana cin kuɗin talla. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dalilin ba asiri ba ne. Shafin saukewa ya shekara ashirin, dubban shafuka na nuna shi, Google na ziyartarsa kullum. Naka jiya aka haife shi. Don haka shafinsu a kan manhajarka ya fi naka nauyi a ma'auni.

Abin yi: suna tukuna. In ka kira manhajarka da kalmar da kowa ke faɗa, kamar Lissafi ko Kasuwa, ka shiga gasa da ƙamus. Zaɓi sunan da in an rubuta shi babu wani sai kai, ka bincika kafin ka buga shi a jikin komai. Sannan shafin saukewa ya zama shafi mai kansa, takensa na ɗauke da sunan manhaja da kalmar saukewa da tsarin da take hawa, cikinsa da lambar fitowa, kwanan wata, girman fayil, da SHA-256, lambar tabbatar da ba a taɓa fayil ɗin ba. Kowane wuri da manhajar take, GitHub, Play Store, shafukan sada zumunta, cikin manhajar kanta, ya nuna adireshi ɗaya tak. Sabon suna marar abokin gasa yakan hau kan nasa binciken ba tare da an sayi komai ba, lokaci kawai yake so.

Zainab T.

Kawu, ko ya hau na ɗaya akwai waɗanda ke zaune a kansa: masu talla. Google ba ya hana kowa sayen sunan kasuwancinka a matsayin kalmar nema. Iyakar abin da ƙorafin alamar kasuwanci ke yi shi ne a hana sa sunan a cikin rubutun tallan. Jason Fried na Basecamp ya yi ƙorafin nan a 2019, cewa dole suke sayen tallan sunansu don kada abokan gasa su rufe su. A waya kuwa talla biyu ko uku sun cika fuska, sai mutum ya ja ƙasa kafin ya ga sakamakon gaske.

Mafi muni shi ne tallan bogi. A Oktoban 2022 an ga talla a Google yana nuna gimp.org, amma in ka latsa sai ya kai ka wani shafi mai kama da shi, mai raba muguwar manhaja. A Disamban wannan shekarar hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka, har ta ba da shawarar a sa abin toshe talla. A 2023 aka yi wa KeePass, manhajar ajiye kalmomin sirri: aka yi rajistar domen da wani harafin k mai ɗan wutsiya a ƙasa, ido ba ya rabe shi da k na gaske sai an ƙura. Mu da muka san bambancin k da ƙ ya kamata mu fi kowa gane wannan wayon.

Don haka mai ƙaramar manhaja ya riƙa neman sunansa da kansa duk mako, a waya da kwamfuta, ba tare da abin toshe talla ba, don ya ga abin da baƙo ke gani.

Auwal Mai Kod

Na gode Kawu, na gode Anti Zainab. To ba za a iya sa Google ya cire masu kwafar ba?

Injiniya Bala

Ya danganta da lasisin da ka sa. Google na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka a ƙarƙashin dokar DMCA ta Amurka, kuma yana aiki in an kwafe rubutunka ko hotunanka ko manhajar da ba ka ba da izinin rarrabawa ba. Ka sani ana aika kwafin ƙorafin zuwa rumbun Lumen, jama'a na iya gani. Amma in ka saki manhajar da lasisin buɗaɗɗen kod irin GPL ko MIT, kai da hannunka ka halatta rarrabawa, wannan ƙofar ta rufe. Abin da ya rage maka shi ne suna da tambari, shi ya sa manyan ayyukan buɗaɗɗen kod ke rajistar alamar kasuwanci. In kuma sun cusa mugun abu a fayil ɗin, Safe Browsing, sashen Google mai gargaɗi a kan mugayen shafuka, za ka kai wa rahoto, da kamfanin da ya yi musu rajistar domen, da mai sabar. Wannan ya fi saurin cizo.

Malama Rabi

Ni maganar maƙala 30 ɗin nan nake jira a zo. Auwal, tambayarka ta ƙarshe da tayin da aka yi maka abu ɗaya ne. Rubutun da kake kuka da shi, irinsa ake son sayar maka.

Ga yadda ake dafa shi. Marubuci ya buɗe kayan aikin SEO irin Ahrefs ko Semrush, ya zaro kalmar da ake yawan nema. Ya buɗe shafuka goma na farko, ya kwashi ƙananan kanun da suka yi tarayya a kai, ya ƙara tambayoyin da Google ke jerawa a tsakiyar sakamako, ya tabbatar nasa ya fi nasu tsawo da kalma 300. Bai taɓa girka manhajar da yake bayani a kai ba. Na goma sha biyu zai zo ya kwafi nasa. Shi ya sa kake neman yadda za a gyara kuskure ɗaya, sai an fara gaya maka ma'anar kwamfuta. Google da kansa ya rubuta a jagorarsa cewa ba shi da adadin kalmomin da yake fifitawa, amma tsawo na da wani amfanin: kowane sakin layi uku gurbin talla ne.

Ku da kuke yin manhaja, wanda ya fi cutar ku shi ne jerin nan na gwanaye goma. Yawancinsu na la'ada ne. Kamfanin da ke biyan kaso mai tsoka kan kowane mai saye shi ne na ɗaya, wanda ba shi da tsarin la'ada ba ya cikin jerin ko da ya fi kowa. A Capterra ma, shafin kwatanta manhajojin kasuwanci, jerin farko na waɗanda suka biya kuɗin latsawa ne. Mutum biyu a ɗaki ba su da abin zubawa a wannan gwanjo.

Kada kuma a ce ƙananan 'yan damfara ne kawai. A Janairun 2023 aka gano CNET na wallafa maƙalun kuɗi da na'ura ta rubuta, guda 77, daga baya sai da aka yi wa fiye da rabinsu gyara. A Agustan wannan shekarar suka goge dubban tsofaffin labarai don su burge Google. Tarihin fasaha na shekaru aka share saboda ma'auni. A ɗaya gefen ga HouseFresh, ƙaramin shafi mai sayen na'urar tace iska da kuɗinsa yana gwadawa. A 2024 suka nuna yadda manyan mujallu da babu alamar sun taɓa na'urorin suke gabansu, daga baya suka ce kashi 91 cikin ɗari na maziyartansu daga Google sun tafi. Wanda ya yi aikin ya faɗi, wanda ke da tsohon suna ya hau.

Zainab T.

Malama, ban ƙi ko ɗaya ba, amma kin jefar da jariri tare da ruwan wanka... a'a, bari in faɗa da namu bakin: don kare ya yi ɓarna ba a ƙone rumbu. Sanin abin da mutane ke rubutawa a akwatin nema ba laifi ba ne, sauraron kasuwa ne.

Inda ƙarami ke cin nasara shi ne tambayar da babba ya raina. Kalmar manhajar lissafi ba taku ba ce, ku manta da ita. Amma yadda ake fitar da jerin masu bashi zuwa Excel, ko yadda ake haɗa firintar rasit ta Bluetooth mai takarda milimita 58 da wayar Android, wannan mutum 40 ne a wata, kuma kowannensu hannunsa na kan matsalar. Kayan aikin SEO za su nuna maka sifili a kan irin waɗannan, shi ya sa manyan ba sa zuwa.

Daga ina za a samo su? Daga saƙonnin masu neman taimako. Duk tambayar da aka yi sau uku ta zama shafi ɗaya, takensa da kalmomin mai tambayar, amsar a layin farko, sai hoton fuskar manhajar, sai lambar fitowar da abin ya shafa. Kowane saƙon kuskure da manhajar ke nunawa ya samu shafinsa, a rubuta shi harafi da harafi, don mutane kwafa suke su liƙa a Google. In ka bar jagorarka a cikin PDF ko a rukunin WhatsApp da Telegram, ka binne ta. Shafi 12 irin wannan daga hannun wanda ya rubuta kod ɗin sun fi 30 na haya.

Malama Rabi

To ai wannan jagora ce kika bayyana, Zainab, ba SEO ba. Tun kafin a haifi Google ake rubuta ta. In kin sa mata sabon suna ba zan yi faɗa ba. Amma a Satumban 2023 sauyin da Google ya kira na rubutu mai amfani ya kwantar da ƙananan shafuka masu yawa da ke yin daidai abin da kika ce, yayin da Reddit, babban zauren tattaunawa, ya cika sakamako. A Fabrairun 2024 kuma aka ji yarjejeniyar Google da Reddit, wadda rahotanni suka ce ta dala miliyan 60 ce a shekara. Ba na cewa wannan ne ya jawo wancan. Ina cewa kyawun aiki bai zama lamuni ba.

Zainab T.

Ba lamuni ba ne, na yarda. Amma bambanci na nan. Shafin da ke rayuwa da talla yana buƙatar dubban ɗaruruwan maziyarta, in aka rage masa rabi ya mutu. Mai manhaja na buƙatar masu saye ƙalilan da za su zauna. Kuma jagorar tana rage masa wahalar amsa tambaya ko Google bai aiko kowa ba.

Kawu Isa

Ku bar ni da mahaɗai 500 ɗin. Wannan cinikin biri a sama ne.

Asalin abin daga PageRank ne, dabarar Larry Page da Sergey Brin a Stanford: mahaɗi kamar ƙuri'a ne. Ranar da ƙuri'a ta zama kuɗi, ranar kasuwarta ta buɗe. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda J.C. Penney ya mamaye sakamako da mahaɗan da aka dasa a shafukan banza, Google ya tunkuɗa shi ƙasa. A watan ne Google ya fito da sauyin ma'auni mai suna Panda don gonakin rubutu, wato shafukan da ke tara rubutun banza, a Afrilun 2012 kuma Penguin don mugayen mahaɗai. Daga 2016 Penguin ya koma watsi da mugun mahaɗi maimakon hukunta shafin gaba ɗaya. Ma'ana, mafi yawan lokaci kuɗinka ne kawai ya ƙone. In ba ka yi sa'a ba kuma ma'aikacin Google ya sa maka hukunci da hannu, za ka gan shi a Search Console, sai ka bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya kana cirewa ko kana barranta da su, ka rubuta takardar neman afuwa, ka jira makonni.

Me ake sayar maka a zahiri? Sharhin bogi a ƙasan shafukan mutane, wanda tun 2005 nofollow, alamar da ke hana mahaɗi zama ƙuri'a, ya kashe amfaninsa. Ko gungun shafukan mutum ɗaya da aka gina a kan tsofaffin domen da wa'adinsu ya ƙare, wanda dokar Google ta Maris 2024 ta ambata da suna. Za su nuna maka lamba su ce darajar domen ɗin 60 ce. Wannan lambar ta Moz ce ko ta Ahrefs, ba ta Google ba, kuma ana iya hura ta kamar balan-balan.

Mahaɗin da ke da nauyi shi ne wanda ke da dalili. In manhajarka na aiki da wata, nemi shiga jerin abokan haɗinta. Saki ɗan guntun kod mai amfani a GitHub. Yi ƙaramin abin lissafi kyauta a shafinka da malami zai nuna wa ɗalibai. In ka biya wani ya yi bitar manhajar, ba haram ba ne, amma mahaɗin ya ɗauki alamar sponsored da aka fito da ita a 2019.

Ɗan Maraɗi

Sannunku da aiki. Duk abin da kuka faɗa a kasuwar Turanci ne, inda kowace kalma ke da mai ita. In manhajar Auwal ta 'yan kasuwarmu ce, lissafin ya canza, domin a Hausa filin kusan fayau yake. Bayani mai kyau a kan rubuta bashi a waya ba shi da abokan gasa goma, wani lokaci ko ɗaya babu. Sai dai akwai ramuka.

Na farko haruffa masu lanƙwasa. Yawancin mutane da k da d da b suke nema, don abin da ke kan madannin wayarsu ke nan. A jikin rubutu a rubuta daidai, ƙ da ɗ da ɓ, kada a lalata harshe don injin. Amma a gwada neman ta hanya biyun a ga ko sakamakon ya bambanta, a kuma duba rahoton kalmomin nema na Search Console, wanda ke ajiye na wata 16, a ga yadda mutane ke rubutawa da gaske. Adireshi kam a bar shi da haruffa marasa lanƙwasa. In ka sa ƙ a ciki, da an kwafa zuwa WhatsApp sai ta koma %C6%99, ɗ ta koma %C9%97, mahaɗin ya yi kama da na 'yan damfara. Mu a Nijar muna rubuta ƴ inda ku kuke sa 'y, wannan ma a tuna da shi.

Na biyu, ɗan kasuwa na cakuɗa harshe. Na Kano zai sa kalmar Turanci a tsakiyar tambayarsa, na Maraɗi ko Damagaram ya sa ta Faransanci. Kalmar da ka ƙirƙiro mai kyau, in ba wanda ke faɗinta, ba wanda zai neme ta. Sa wadda ake faɗa a take, ka koyar da taka a ciki.

Na uku, kowane harshe da adireshinsa: /ha/ da /en/ da /fr/. Kada shafi ɗaya ya riƙa sauya harshe bisa ga ƙasar mai ziyara, domin Googlebot galibi daga Amurka yake zuwa, Turancin kawai zai gani. A haɗa su da hreflang, alamar da ke nuna harshen kowane shafi, lambar Hausa ha ce, kuma dole kowanne ya nuna ɗan'uwansa, in ɗaya ya nuna ɗayan bai mayar ba, an yi watsi da duka. Kada kuma a zuba shafi 200 a injin fassara a wallafa ba a duba ba. Ban da kunyar da za a sha wurin mai karatu, dokar Google ta rubutun da aka tara da yawa don ma'auni ta haɗa da irin wannan.

Injiniya Bala

Ɗan Maraɗi ya tuna mini nauyin shafi. Da sigar waya Google ke auna ka, ba ta kwamfuta ba. Ma'aunansa uku ne: babban abin da ke fuska ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafi ya amsa taɓawa cikin milidaƙiƙa 200, tsallen abubuwa kada ya wuce 0.1. Daga wayoyin masu Chrome na gaske ake tattarawa, na kwana 28, kuma sai kashi 75 cikin ɗari na ziyara sun cika sharaɗin. Sabon shafi sau da yawa ba shi da isassun maziyartan da za a ma auna shi. Tasirinsa a jeri kaɗan ne, kada a sayar maka da shi a matsayin magani. Amma mai ƙaramar waya da datar da yake lallaɓawa ba zai jira hoton megabait 4 ba. A mayar da hotuna WebP, a rubuta faɗi da tsawonsu a kod don kada rubutu ya yi tsalle, a cire bidiyon da ke kunna kansa.

Bayanan SoftwareApplication, waɗanda ake sa wa a kod don Google ya gane shafin manhaja ne, su ma a sa: suna, farashi ko da sifili ne, tsarin da take hawa. Taurari ba sa fitowa sai da bita ta gaske, kada a ƙirƙira.

Malama Rabi

Duk wannan gini ne a bakin kogi. Tun Mayun 2024 Google ya fara sa amsar da na'ura ta haɗa a saman sakamako. Cibiyar Pew ta bi sawun binciken Amurkawa a Maris 2025, ta ga in wannan amsar ta fito, kashi 8 cikin ɗari ne ke latsa wani mahaɗi, in babu ita kashi 15. Jagorar nan ta Zainab, ita ce abincin farko da za a taune a miƙa wa mai tambaya ba tare da ya taka ƙofarka ba.

Injiniya Bala

Kuma toshewar ba ta da sauƙi. Mutane na sa Google-Extended a robots.txt suna zaton sun fita. Wannan na Gemini ne, manhajar hira ta Google, bai taɓa amsar saman sakamako ba, domin ita Googlebot ne ke ciyar da ita. Abin da ke hana ta shi ne alamar nosnippet ko max-snippet a kod ɗin shafi, su kuma suna yanke ɗan bayanin da ke ƙarƙashin sunanka a sakamakon yau da kullum. An gudu daga gara an faɗa zago.

Zainab T.

Ga mai jarida masifa ce. Ga mai manhaja ban gama yanke hukunci ba. In amsar ta ce a buɗe manhaja kaza a latsa kaza, sunanka ya isa kunne, kuma manhaja ba a taƙaita ta, dole a zo a sauke. Haɗarin shi ne ta kwaso tsohon farashi ko umarnin tsohuwar fitowa daga shafin wani. Shi ya sa kowane shafin jagora ke son kwanan wata da lambar fitowa a bayyane.

Kawu Isa

Ku ƙara da abin da shari'a ta tono. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta a Washington ya yanke cewa Google ya riƙe kasuwar bincike ta haramtacciyar hanya. A zaman aka ji cewa a 2021 kaɗai ya biya dala biliyan 26.3 don ya zama injin da ke zuwa a kunne a wayoyi da burauza. Aka kuma ji bayanin Navboost daga bakin Pandu Nayak na Google, tsarin da ke amfani da latse-latsen mutane na wata 13. Ku duba abin da wannan ke nufi ga sabon shiga: wanda aka saba latsawa shi ake ƙara nunawa. Don haka mutanen da za su nemi sunanka su latsa naka, daga waje za ka kawo su, daga kasuwa, daga bidiyon koyarwa, daga bakin wanda ya gwada. Karɓi lambar waya ko imel na duk wanda ya yarda, wannan jerin ba sauyin ma'aunin da zai ƙwace maka shi. A yi rajista da Bing Webmaster Tools ma, takwaran Search Console na injin binciken Bing, yana iya jawo bayananka kai tsaye daga Search Console, kuma injin bincike na DuckDuckGo mafi yawan sakamakonsa daga Bing yake.

Auwal Mai Kod

Allah ya saka. Saura ɗaya. In sunan da aka riga aka sa irin na ƙamus ne da Kawu ya hana, a canza yanzu ko a haƙura?

Injiniya Bala

In za a canza, yanzu ne, kafin mahaɗai su taru. Kowane tsohon adireshi a tura shi da 301 zuwa takwaransa a sabon domen, ɗaya bayan ɗaya. Kada a kwashe duka a zuba a shafin farko, Google na ɗaukar wannan kamar shafin ya ɓata. A yi amfani da kayan sauya adireshi na Search Console, a bar turawar aƙalla shekara ɗaya, tsohon domen kuma a ci gaba da biyan kuɗinsa ko bayan nan, don in ya faɗi wani zai tsince shi da sunanka a jiki. Kada a haɗa sauya suna da sauya fasalin shafi a mako ɗaya, in abu ya lalace ba za ka san wanne ne ba. Za a ga tangal-tangal na wasu makonni.

A Play Store sunan da ake gani ana iya canza shi, harafi 30 ne iyaka, gajeren bayani 80, dogon 4,000. Amma sunan kunshin, wato com.kaza.kaza, ba ya canzuwa. In ka taɓa shi ta zama sabuwar manhaja, bita da adadin saukewa duk sun tsaya a tsohuwar. A bar shi yadda yake, ba mai ganinsa sai a adireshi.

Ɗan Maraɗi

Kuma sabon sunan a faɗa wa mutum biyar da baki, a ce su rubuta a waya. In rubutu uku daban suka fito, a sake wani.